Shukar cikin ɗaki: abin da take yi wa iska, da yadda muke renonta

Yawancin masu zuwa gandunmu a nan gefen Kura da tambaya ɗaya suke farawa: "Malam, wacce ce mai tace iska?" Sun gani a waya, an ce a ajiye tukunya biyu a ɗaki, iska ta zama tas. Muna nuna musu moda, da alobera, da mai yaɗon nan da masu fulawa ke kira moni filant. Amma kafin kuɗi ya shiga hannu akwai bayanin da ya zama wajibi a kanmu.

Asalin maganar daga Amurka ta fito. A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta fitar da sakamakon wani gwaji da masanin kimiyya Wolverton ya jagoranta. An sa shuke-shuke cikin akwatunan da aka rufe ruf, aka cusa musu tururin sinadarai irin su benzin da fomaldehaid, waɗanda ke tashi daga fenti da gam da katakon da aka manne. Sinadaran sun ragu, kuma ƙananan halittun da ke cikin ƙasar tukunya na da hannu a aikin. Sai dai ɗaki yana da ƙofa da taga. A 2019 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Drexel suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su kamo abin da shige da ficen iska ke yi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci tukunya fiye da 130 ke nan, a mafi ƙaranci.

Abin da ya fi damunmu shi ne mutum ya dogara da tukunyar moda ya kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko ya kunna janareta a soro ko a bakin taga. Iskar da ke fita daga garwashi da janareta, wato kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa cikin barci, kuma babu ganyen da zai tare ta. Hayaƙin itace da na maganin sauro na kunnawa ma taga ce maganinsu. Duk wanda ya sayar maka da shuka da sunan maganin asma ya cuce ka.

Amfaninta na gaskiya: ganye yana riƙe ƙura. Shafa yatsa a ganyen moda bayan kwana uku da hazo, ka ga abin da zai biyo. A goge da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, ƙurar ta bar ɗakin ke nan, ganyen kuma ya samu haske. Sannan ɗakin da ke da kore ya fi daɗin zama. Tsoron da wasu iyaye mata ke yi cewa shuka za ta shaƙe wa yaro numfashi da dare ba shi da tushe. Abin da tukunya ɗaya ke ja bai kai ko kusa da na mutum ɗaya ba.

Moda ce uwar wannan sana'a a ƙasarmu, don ita ke jure ɗakin kwano a bazara da bushewar hunturu. Hanya biyu ake yaɗa ta. Mafi sauri ita ce raba gindi: a zazzage tukunya, a yanke 'ya'yan da wuƙa mai tsabta, kowanne da saiwarsa. Ta biyu, a yanka ganye gutsi-gutsi kamar tsawon yatsa, a shanya a inuwa kwana biyu zuwa uku bakin yankan ya bushe, sannan a kafa cikin yashi zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Nan ne yaran gandu ke kuskure: in aka juya gutsin, sama ta koma ƙasa, ba zai yi saiwa ba har abada. Shi ya sa muke yi wa gindin yankan gicciye tun wurin yanka. Saiwa na fitowa cikin wata ɗaya zuwa biyu, sabon tofo kuwa sai an yi haƙurin wasu watanni. A kuma sani, mai rawayan baki in aka yaɗa ta da ganye kore zalla take fitowa. Ita sai raba gindi.

Haɗin ƙasa: kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe sosai. In akwai buntun shinkafa da aka babbake, kuma a Kura ba a rasa shi, a ƙara rabin kwano don ƙasar ta saki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Laka kuwa tana daskarewa ta riƙe ruwa. Tukunyar ƙasa ta fi roba saboda tana numfashi, amma dole a huda gindinta, a ɗora tsingaro a kan hujin.

Yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe mana shuka a hannun masu saye. Amarya ta samu tukunya cikin kayan ɗaki, don ƙauna sai ta riƙa zuba mata ruwa safe da yamma, mako uku gindin ya yi laushi ya fara wari. A tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, a bari. Moda da alobera a bazara kamar sau ɗaya a mako, a hunturu sai mako biyu ko uku. In ruɓa ta fara, a tumɓuke, a yanke ɓangaren da ya lalace, a shanya kwana uku, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa. Ruwan da ya tsiyaye cikin faranti a zubar nan take. Moni filant da ake renonta a kwalba a canza mata ruwa duk kwana uku ko huɗu, don sauro ba ya buƙatar fiye da mako guda ko kwana goma daga ƙwai zuwa tashi.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yakan laɓe a hammatar ganye. Ɗan sabulu a ruwa lita ɗaya, ko ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a goge da yamma, a maimaita bayan mako. Farin gishiri a saman ƙasa alamar ruwan burtsatse ne mai kauri. A wanke tukunyar da ruwan sama ya ratsa ta sosai.

Gidan da ke da yaro mai rarrafe ba ma ba su difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, don taunarta na ƙona baki ta kumbura harshe. Moni filant ma tana da irin wannan ƙaiƙayin, sai dai a rataye ta sama.

Tukunyar da za ta shiga ɗaki sai ta yi mako biyu a ƙarƙashin rumfar zana mai kauri tukun, ta saba da ƙarancin rana. Ranar ɗauka muna hana ta ruwa, mu naɗe ganyen da buhu saboda iskar babur, mu ce wa mai ita ya ajiye ta taku ɗaya ko biyu daga taga, inda hantsi ke leƙowa.