AC mai sanyi da ɗumi: abin da na gani bayan na kafa ta a Jos

A Jos, daren Disamba da Janairu sai mutum ya rufa da bargo biyu, Maris na shigowa kuma ɗaki ya fara zafi. Shi ya sa da aka ba ni aikin wani falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, na ce a bar hita, a sa AC mai inbata (mai ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata) wadda ke iya juya aikinta daga sanyi zuwa ɗumi, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato BTU 12,000 a ma'aunin ƙarfin AC.

Sirrinta wani bawul ne mai hanya huɗu da ke cikin injin waje. Idan ka danna alamar rana a rimot, bawul ɗin sai ya sauya hanyar gas ɗin da ke zagayawa cikin AC, na'urar ta kwaso zafin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi ɗaki. Kwasowa take yi, ba ƙirƙira ba, don haka wat 1,000 na lantarki kan ba da ɗumin wat 3,000 ko fiye, alhali hita ba ta taɓa ba ka fiye da abin da ta sha. Ga kuma kaskon gawayi da wasu ke kwana da shi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kashe mutane cikin barci. Wannan kaɗai ya isa dalili a wurina. A duba kafin a biya kuɗi, domin yawancin AC da ke kasuwarmu sanyi kawai suke yi.

Inda aiki ke lalacewa shi ne bututu. Na yi amfani da na jan ƙarfe guda biyu, mai kwata inci da mai inci 3/8, tsawon mita 4, na naɗe kowanne da soso daban, saboda lokacin ɗumama ɗaki babban bututun yana zafi sosai. Bakin bututun da aka buɗa sai ya fita sumul ba tsaga, a ɗaure shi daidai gwargwado. Ka matse da ƙarfi ya tsage, gas ya riƙa tsiyaya a hankali, bayan wata biyu a ce kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, ya mutu. Sannan famfon zuƙe iska. Na bar shi yana ja kusan minti 30, na kashe, na jira in ga ko allurar geji za ta motsa, kafin na buɗe gas ɗin AC ɗin, mai suna R32. Masu sakin gas kaɗan wai don ya kori iska suna cutar mai gida ne, domin damshin da ya rage yana gurɓata man kwamfireso.

Kuskurena shi ne na ajiye injin waje dab da ƙasa. Lokacin ɗumi, shi ne ke zubar da ruwa, ba na ciki ba, sai ga taɓo a gindin bango. Na dawo na ɗaga shi kan ƙarfe, na sa masa tiyo zuwa kwata, na bar tazarar kamu ɗaya da rabi tsakaninsa da bango.

Mai gidan ya kira ni ranar farko wai ba ta aiki. Na ce, "Alhaji, a ba ta minti biyar." Fankar ciki ba ta tashi sai bututun ya yi zafi, don kada ta busa wa mutane sanyi. Na kuma nuna masa ya karkatar da iskar ƙasa, tunda iska mai ɗumi sama take hawa, ya tsaya a digiri 21 ko 22.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta da tausayi. Ragar ciki duk sati biyu a wanke, a shanya a inuwa. Wanda zai kafa irinta a Sakkwato ko Maiduguri, inda Afrilu ke wuce digiri 40, ya nemi mai tambarin T3, ita aka ƙera don irin wannan zafi, kuma kada ya sa injin waje a bangon yamma.