Abin da haɗa sifikun kwamfuta ya koya min

Tunda na fara aikin haɗa wa mutane kwamfuta da kayan sauti a ɗakunansu, tambayar da na fi sha ita ce "wat nawa ce?" Ni ma da haka na fara wallahi, in na ga an rubuta 2000W ɓaro-ɓaro a jikin kwali sai in ɗauka magana ta ƙare. Maigidana ne wata rana ya juya kwalin ya nuna min ƙananan rubutun baya, ashe waccan lambar PMPO ce, ƙarfin ɗan ƙiftawar ido kawai, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da kamfanoni ke bi wajen auna ta, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. RMS ake dubawa, ita ke faɗa maka ƙarfin da sifikar za ta ci gaba da bayarwa. Ita ma RMS ɗin ko ka ninka ta biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, kunne ba zai ji kamar sautin ya ninka ba sam.

Amma inda na fi ɗaukar darasi wajen jona wayoyi ne. Akwai wani bawan Allah da ya kira mu ransa a ɓace, wai an sayar masa da 5.1 na bogi (wato sifiku biyar masu kewaye mutum da wufa ɗaya mai fitar da bes), sifikun baya ba sa magana. Muna zuwa muka tarar jak ɗin kore kaɗai ya soka a bayan kwamfutar, alhali uku ne, kore na gaba biyun, baƙi na baya biyun, ruwan goro kuma na ta tsakiya da wufa. Muka jona, muka shiga saitin sauti na Windows muka mayar da shi 5.1 don a sitiriyo yake, sai ga su duk suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka da ya kunna waƙa bai ji komai a baya ba, sai da na yi masa bayani cewa yawancin waƙoƙi sitiriyo ne, layi biyu kawai aka naɗa, fim mai tsarin sauti na Dolby Digital ko DTS ko gem ne ke ɗauke da layi shida. Tun ranar ban ƙara cewa kaya sun lalace ba sai na bi waya da saiti tukuna.

Sai maganar ajiyewa, wannan kam har yau tana ci min rai. Mutum zai tara kuɗinsa da ƙyar ya saya, sannan ya jera duka biyar ɗin a kan tebur gabansa kamar kayan ado, to ina kewayen yake? Ta tsakiya ƙarƙashin allo take zama don ita ke ɗauke da maganar 'yan fim, na gaba biyun kamar digiri 30 hagu da dama, na baya kuma wajen digiri 110, wato gefe da ɗan baya kaɗan, ba a ƙeya ba. Wufa kuma ana cewa a ko'ina za ka iya ajiye ta tunda a sauti mai kauri sosai, ƙasa da 80Hz, kunne ba ya gane daga ina sauti ke fitowa, gaskiya ne amma a masu araha ba haka abin yake ba, ƙananan sifikun ba sa iya sauka can ƙasa, sai wufar ta karɓi wani ɓangare na muryar namiji, in ka kai ta bayan kujera sai ka riƙa jin rabin murya a gaba rabi a baya. Shi ya sa nake barin ta gaba kusa da allo, kuma ba na cusa ta cikin kusurwa don bes ɗin kumbura yake yi ya danne magana.

Yanzu in mutum ya zo neman shawara, ɗakinsa nake fara tambaya. In teburi ne a jikin bango ba wurin bi da waya zuwa baya, kai tsaye nake ce masa ya zuba kuɗin a 2.1 mai kyau, wato sifiku biyu da wufa, zai fi jin daɗinta nesa ba kusa ba. In kuma akwai fili, sai in ce ya auno min daga kujerarsa zuwa allo kafin mu zaɓi komai, don wayoyin sifikun baya na masu araha sau da yawa gajeru ne.