Kada Ku Koyi Yaƙin Basasa Yadda Na Koye Shi

Ƙannena masu sha'awar tarihi, ina ganin yadda kuke tafka gardama a kan yaƙin basasar Najeriya. Wannan ya ce Murtala ne gwarzo, wancan ya ce Adekunle ne, wani kuma ya jero garuruwan da aka ci kamar mai karanta sakamakon gasar ƙwallo. Ni ma a haka na taso, kuma na daɗe kafin in gane asarar da wannan hanya ta jawo mini.

Ga abin da na haddace tun ina saurayi. Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli a Gakem, wajen Ogoja. Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Kanar Mamman Shuwa ta gangaro daga Arewa, ta ci Ogoja da Nsukka cikin watan, Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba. Sojan Benjamin Adekunle suka biyo ta ruwa suka kama Bonny, sai Kalaba, sai Fatakwal a Mayun 1968. Umuahia ta faɗi a Afrilun 1969, aka miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga Janairun 1970. Duk gaskiya ne. To amma in Inugu, hedikwatar Biyafara, ta faɗi cikin wata 3, me ya ja yaƙin har wata 30? Amsar tana wuraren da nake tsallakewa saboda ba su yi mini daɗin faɗi ba.

Ku fara da Anaca. A ranar 9 ga Agustan 1967 sojan Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka tsallako kogin Kwara, suka kama Binin, suka kai har Ore a kan hanyar Legas. Cikin wannan firgici aka haɗa Runduna ta Biyu aka ba Murtala Muhammad, da yawa cikin sojanta sabbin kurata ne da ba su samu isasshen horo ba. Sun yi ƙoƙari, sun ƙwato Binin a watan Satumba, suka kora abokan gaba har bakin kogi. Masu gudu suka fasa gadar da ta haɗa Asaba da Anaca. Hedikwatar sojan tarayya ta ba da shawarar a zagaya ta Idah, inda za a tsallaka lami lafiya. Murtala ya zaɓi a haye kai tsaye cikin jiragen fito. A karon farko sojan sun sauka, har sun shiga gari, babbar kasuwa ta ƙone. Sai 'yan Biyafara suka dawo musu da ƙarfi, ga kogi a bayansu, ga ɗauki bai iso ba. Wanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci shi, in ban da waɗanda kwanansu ke gaba. Aka sake gwadawa sau biyu, ba a dace ba. A ƙarshe dai ta Idah ɗin aka bi, aka shiga Anaca a Maris na 1968. Ana cikin murnar wannan, ranar 31 ga watan, aka yi wa ayarin motocin rundunar kusan 100 kwanton ɓauna a Abagana. Bam ya samu tankar mai, wuta ta bi motocin harsasai ɗaya bayan ɗaya a kan ƙuntataccen titi.

Shekara da shekaru duk wanda ya kawo mini zancen nan sai in ce sharrin maƙiya ne, saboda ƙaunar da nake wa Murtala. Har gobe ina ƙaunarsa, kuma 'yan watannin mulkinsa sun isa dalili. Amma waɗanda suka nutse a Kwara 'ya'yan mutane ne, da yawansu daga ƙauyukanmu aka ɗebe su, iyayensu ba su ga ko gawa ba. Duk lokacin da na musanta kuskuren kwamanda, su nake gogewa daga tarihi.

Kuskurena mafi nauyi a kan Asaba na yi shi. Akwai wani abokin aikina ɗan ƙabilar Ibo, muna ci a kwano ɗaya, yana jin Hausa sosai. Wata rana hira ta kai mu ga yaƙin, ya ce mini a hankali, kakansa da ƙannen mahaifinsa a Asaba aka kashe su. Ko jaje ban yi masa ba, na ce to su wa suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari? Ya dube ni, ya naɗe takardunsa, ya ce lokacin aiki ya yi. Mun ci gaba da gaisawa, amma bai ƙara zama a tabarmata ba. Sai daga baya na karanta abin da ya faru. Ranar 7 ga Oktoban 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen tufafinsu na gargajiya, suna rawa suna kiran Najeriya ɗaya, don su nuna wa sojan tarayya suna tare da su. Aka ware maza da samari a filin Ogbe-Osowa aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Kuma Asaba ba ta ma cikin Biyafara, jihar Yamma ta Tsakiya take.

Kisan shugabanninmu a Janairun 1966 gaskiya ne, zafinsa bai fita ba. Kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa cikin wannan shekara shi ma gaskiya ne. Sojan Biyafara su ma sun kashe fararen hula a wuraren da suka riƙe. Ku san dukkansu. Amma in mutum ya ambaci mamacinsa, ku yi masa ta'aziyya, ku bar naku zuwa wani zama.

Ku kuma nemi labarin Owerri. Sojan Adekunle sun kama ta a Satumban 1968, sai 'yan Biyafara suka yi wa Birged ta 16 ƙawanya a cikinta na tsawon watanni, abinci da harsashi sai ta jirgin sama ake jefo musu, wani ya faɗa hannunsu wani hannun abokan gaba. A Afrilun 1969 suka fasa suka fita, gari ya koma hannun Biyafara. Bayan wannan ne aka sauke Adekunle aka ɗora Obasanjo.

Wanda ya fi kowace igwa kisa kuwa yunwa ce. Tun da Fatakwal ta faɗi Biyafara ta rabu da teku, ya rage sai wani titin mota a Uli da aka mayar filin jirgi, inda jiragen agaji ke sauka cikin dare. An zauna a Yamai a Yulin 1968, a baƙuncin Shugaba Diori Hamani, har aka taɓo zancen hanyar shigar da abinci, ba a daidaita ba. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu 500 zuwa sama da miliyan 2, akasarinsu yara da tamowa ta kama. Ban taɓa sa su cikin lissafina ba, don ba su da kwamanda ba su da tuta.

Abu na ƙarshe shi ya fi gaggawa. Ina da kawu ɗan mazan jiya, yana da tabo mai zurfi a cinya. Tambayar farko da na taɓa yi masa ita ce, "Kawu, mutum nawa ka kashe?" Ya ɗauki butarsa ya tashi, alhali lokacin salla bai yi ba. Bai ƙara buɗe mini zancen ba har Allah ya karɓi ransa, Allah ya jiƙan sa. Yanzu ko rundunar da ya yi ban tabbatar ba.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya haura 75. In akwai irinsa a unguwarku, ku je da goronku ku gaishe shi, kada ku fara da zancen harbi. Ku ce, "Baba, a ina aka ɗauke ku? Sati nawa kuka yi a horo? Me kuke ci a daji? Yaya kuka samu gida da kuka dawo, fansho ya fito kuwa?" In ya yarda ku ɗauki muryarsa a waya, in ya yi shiru ku ƙyale shi ku dawo wata rana. Ku rubuta bataliyarsa, da garuruwan da ya bi, da sunayen abokan da ya ce ba su dawo ba, ku ba iyalansa kwafi.