Abin da daren rufe wasan Taiga ke koya wa mai nazarin masu kallo

Tun 1963 gidan talabijin na NHK a Japan yake shirya wasan tarihi guda a kowace shekara, wanda suke kira Taiga, wato babban kogi. A al'ada yana farawa a Janairu ya ƙare a Disamba, kowace Lahadi da ƙarfe 8 na dare, minti 45, kuma yakan kai kashi 47 zuwa 50. Mutumin da ya ba wasa Lahadinsa ta shekara guda ba zai bar daren rufewa ya wuce bai ce uffan ba. Shi ya sa duk mai son koyon yadda ake karanta martanin masu kallo zai samu makaranta a wannan dare.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, ba a zuwa kallon ƙarshen Taiga don a san abin da ya faru. Kowane ɗan makaranta a Japan ya san Akechi Mitsuhide ya juya wa ubangidansa Oda Nobunaga baya a wurin ibada na Honnoji da ke Kiyoto a 1582, kuma bayan kwana 11 Hideyoshi, wani janar ɗin Nobunaga, ya murƙushe shi a yaƙin Yamazaki. Abin da mai kallo ya zauna jira shi ne ta wace hanya za a kai shi wurin, da fuskar da za a bar shi da ita kafin allo ya yi baƙi. In ka tattara maganganun wannan dare, za ka tarar mafi yawansu a kan mintunan ƙarshe suke.

Kirin ga Kuru, wasan 2020 da ya ɗauki rayuwar Mitsuhide, misali ne da ya kamata a duba da kyau. Annobar korona ta tsayar da ɗaukarsa, don haka sai 7 ga Fabrairu 2021 aka rufe shi, a kashi na 44. An ba harin Honnoji lokaci mai yawa: wuta na ci, Nobunaga da jini a farar rigarsa, Mitsuhide na tsaye a waje yana kallon hayaƙi. Yaƙin Yamazaki kuwa mai ba da labari ne ya wuce da shi da baki. Sai aka tsallaka shekara 3, wata mata da ta san shi ta hango mai kama da shi a cikin cunkoson kasuwa, daga nan aka nuna shi a kan doki yana sukuwa. Nan masu kallo suka rabu. Wasu sun ji an share musu hawaye, suka jingina abin da tsohon zancen nan da ke cewa Mitsuhide bai mutu ba, shi ne ya koma Tenkai, malamin addinin Buda da ya zama mai ba Tokugawa Ieyasu, wanda ya mulki Japan daga baya, shawara. Wasu kuwa suka ce an hana su ganin faɗuwar mutumin da suka bi shekara guda. A ganina ɓangare na biyu na da hujja mai ƙarfi, domin wanda aka nuna maka hawansa yana da haƙƙin a nuna maka saukarsa. Amma kuskuren mai nazari shi ne ya zuba su duka a kwando biyu, masu yabo da masu suka. Mai cewa an saɓa wa tarihi da mai cewa an yi gaggawa ba abu ɗaya ke damunsu ba: na farko da marubuci yake, na biyu kuwa da yadda aka raba lokaci tsakanin kashi-kashi.

Bayan shekara 2 sai aka ga akasin haka. Kamakura-dono no 13-nin, wanda Mitani Koki ya rubuta, ya ƙare ranar 18 ga Disamba 2022 a kashi na 48. Tarihi ya ce Hojo Yoshitoki, mai riƙon mulkin da wasan ya ɗauki rayuwarsa, ya mutu a 1224, shekara 3 bayan ya ci yaƙin Jokyu. Marubucin bai sauya wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya bar Yoshitoki da yayarsa Masako su biyu a ɗaki. Yoshitoki na lissafa mutum 13 da suka hallaka a rikicin mulki, sai bakinsa ya suɓuce ya ambaci Yoriie, ɗan Masako, wanda aka ce mata ciwo ne ya kashe shi. Da ciwo ya taso masa ya nemi maganinsa, sai ta zubar da shi a ƙasa, don kada ya tashi ya ƙara zubar da jini. Yana jan ciki zuwa wurin, ta sa hannun riga ta goge. Aka rufe da sautin kukanta. Masu kallo da yawa sun girgiza, amma ba su ji an yaudare su ba, saboda an cika gurbin da tarihi ya bari ne da halin da aka yi shekara ana gina wa mutanen biyu. Mai kallo yakan yafe ƙirƙira in ta dace da halin mutum. Abin da ke masa wuyar haɗiya shi ne a kauce wa sakamakon da aka yi ta shirya shi a kai.

Sai maganar alƙaluma, inda aka fi yin tuntuɓe. Adadin da jaridu ke bugawa washegari yawanci na kamfanin Video Research ne, na yankin Kanto inda Tokiyo take, kuma yana ƙirga gidajen da suka kalla a daidai lokacin da ake nunawa. Da wannan ma'auni, matsakaicin Kamakura-dono kaso 12.7 cikin 100 ne, alhali Dokuganryu Masamune na 1987 ya kusa kaiwa 40. Wanda ya jera waɗannan biyu ya ce farin jini ya faɗi da kashi biyu cikin uku bai yi wa lissafi adalci ba. A yau ana nuna kashin a tashar tauraron ɗan'adam ta NHK da ƙarfe 6 na yamma, awa 2 kafin babbar tasha, kuma masu tsananin son wasan can suke komawa. Ana maimaitawa ranar Asabar da rana. Wasu na naɗa su kalla daga baya, wanda aka fara ƙirgawa a 2016, cikin kwana 7 bayan nunawa. Akwai kuma masu kallo ta intanet. Duk waɗannan ba sa cikin adadin washegari.

Wannan tazara ta awa 2 tana gurɓata karatun martanin da ake rubutawa a shafin X (tsohon Twitter) ma. Masu kallon ƙarfe 6 sukan danne bakinsu don kada su fasa ƙwai, su yi ta rubuta maganganu a dunƙule, sai ƙarfe 8 ta wuce su saki komai. In ka fara tattarawa da wuri, gurɓataccen hoto za ka samu. Kuma masu rubutu a can ba su ne dattawan da suka fi riƙe wasan a gaban akwatin talabijin ba.

A kuma duba abin da sauran tashoshi ke nunawa a wannan sa'a. Idaten na 2019 ya faɗi zuwa kaso 3.7 ranar 13 ga Oktoba, daren da Japan ta kara da Sikotland a gasar rugbi ta duniya da ake yi a ƙasar. Daren rufe Kamakura-dono ma ya haɗu da gasar barkwanci ta M-1 a tashar TV Asahi. Adadi irin wannan labarin abokin gasa yake bayarwa fiye da labarin wasan.

Akwai kuma fushin da ba shi da alaƙa da labari ko kaɗan, kuma dole a ware shi gefe. Ranar 28 ga Nuwamba 2010 aka rufe Ryomaden, wasan rayuwar Sakamoto Ryoma, samurai mai neman sauyin mulki, wanda aka kashe a Kiyoto a 1867. Ana tsakiyar nuna kisan, wurin da mutane suka yi wata 11 suna jira, sai rubutun labari da ɗumi-ɗuminsa ya fito a saman allo yana sanar da wanda ya ci zaɓen gwamnan lardin Ehime. Koke-koke suka yi ta shiga NHK a wannan dare. Wanda ya ƙirga su cikin masu ƙin ƙarshen wasan ya ɗora wa marubuci da 'yan wasa laifin ɗakin labarai.