Yaron da ke zaune a benci

Jiya da marece bayan mun gama antirenma na basket wani yarona ya tsaya gefen fili yana hawaye, wai shi zai bari tunda kullum a benci nake aje shi kuma duk sun fi shi tsawo. Wallahi abin ya taɓa ni sosai. Na ce zo nan ƙanena, zauna, na ba shi labarin Steve Kerr.

Mutumin nan a 1988 sai a lamba ta 50 aka ɗauke shi wajen zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA, babbar gasar basket ta Amurka, yawancin wasanninshi daga benci yake tasowa, amma yana Chicago, a final na 1997 da Utah, saura ƴan sakan, shi Michael Jordan, tauraron Chicago, ya miƙa ma ƙwallo ya jefa ta shiga, Chicago ta ɗau kofi. Kofi 5 ya ci yana ɗan wasa, 3 da Chicago 2 da San Antonio, da ya zama koci a Golden State ya ƙara 4, ga zinariyar Olamfik ta 2024 a Faris da ƴan Amurka. Kuma fa yana shekara 18 aka kashe babanshi a Bairut, bai aje ƙwallo ba.

Final na 2022 da Boston a fadarmu ta Birni muka kalla, tsakar dare ana ta shayi, ni Kerr nake ta kallo yadda yake ma ƴan benci magana a natse.

Yau yaron ya riga kowa zuwa fili, jifa 100 na ba shi daga kwanar fili.