"Kun Gane?": Abin Da Ajin Dare Ya Koya Mini

A sakandaren da na yi a gida, malamin lissafi yakan cika allo fal da rubutu, ya juyo yana kakkaɓe alli daga hannunsa, ya ce, "Kun gane?" Mu kuma mu ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Da wanda ya gane da wanda ko hanyar ganewa bai kama ba, duk murya ɗaya. Da wannan gadon na shiga aji ranar da na fara koyar da lissafin ƙididdiga a wata kwalejin al'umma a jihar Ohio ta Amurka.

Irin waɗannan kwalejoji na shekara 2 ne, kuma ƙofarsu a buɗe take: mai takardar gama sakandare ko makamanciyarta ba a maido shi, kuɗin makarantar kuma bai kai na jami'a ba. Ta Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake lissafawa ta farko cikin na gwamnati. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a yaɗa su ko'ina, yau ga su kusan 1,000. Yawancin ɗalibansu aiki suke yi suna karatu. Ajina na ƙarfe 6 na yamma ne, Talata da Alhamis, mutum 26. Akwai 'yar shekara 18 da ta fito sakandare kwanan nan, akwai tsohon soja, akwai direban Uber, motar hayar nan da ake kira ta waya, akwai uwar 'ya'ya 3 da ke zuwa da rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi. Duk "Farfesa" suke ce mini, alhali ni malamin wucin gadi ne da ake biya kwas-kwas. Ban hana su ba, sunan yana da daɗi.

Na shirya darasi tsaf, na yi bayani har maƙogwaro ya bushe, na tambaya ko sun gane, suka gyaɗa kai. Da aka yi jarrabawar farko, 11 suka faɗi. Kafin mako na 8 kujeru sun fara zama wayam. Ni kuwa a zuciyata na riga na yanke hukunci: ba su da tushe, ba sa karatu a gida.

Matar nan mai rigar aiki ce ta tsaya bayan an tashi. Ta ce, "Farfesa, in kana yi a allo wallahi ganewa nake. Da na koma gida na buɗe littafi, sai in ga kamar ban taɓa ganin abin ba." Na ba ta haƙuri, na ce ta ƙara ƙoƙari. Sai da na shiga mota maganar ta dawo mini. Ashe kallon mai iyo ba ya koya wa mutum iyo. Ni kaɗai nake lissafi a ajin nan, su 'yan kallo ne.

Na roƙi wata malama da ta shekara 20 tana koyarwa a sashenmu ta zo ta zauna a bayan aji. Ba ta ce uffan ba, agogon wayarta kawai take dubawa. Bayan darasi ta miƙo mini takarda: cikin minti 75, ni na yi magana na minti 68. Na yi tambaya sau 14, sau 12 ni na amsa wa kaina. Ta ce tun a shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa 1 bayan sun yi tambaya, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Ita ce kuma ta ba ni labarin Robert Barr da John Tagg na kwalejin al'umma ta Palomar a Kalifoniya, waɗanda a 1995 suka yi rubutun da ya zaga ƙasar, cewa kwaleji ta auna kanta da abin da ɗalibi ya koya, ta daina auna kanta da yawan laccar da ta bayar.

Jiran nan ya fi komai ba ni wahala. Ranar farko na yi tambaya, na kama bakina, na fara ƙirga da Hausa a zuci don kada fuskata ta nuna. Ɗaya, biyu, uku. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Huɗu, biyar. Gumi ya fara tsattsafo mini, ga dusar ƙanƙara a waje. A bakwai, tsohon sojan nan da bai taɓa buɗe baki ba ya yi gyaran murya ya ba da amsa. Kuskure ce. Amma kuskuren ya nuna mini daidai inda rabin ajin ya ɓata hanya, abin da mako 8 na "kun gane?" bai nuna mini ba.

Daga nan na sake fasalin darasin. Bayani na minti 10 ko 15, sai tambaya guda a allo mai zaɓi huɗu. Kowa ya ɗaga kati mai launi a lokaci ɗaya. In launuka suka rabu, sai in ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda katinsu ya bambanta, su yi ta musu minti 2, a sake ɗagawa. Dabarar Eric Mazur ce, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, tun farkon shekarun 1990. Na kuma bar misalan littafi na koma kan rayuwarsu. Ranar darasin matsakaici, wato a tara lambobi a raba da adadinsu, na ce kowa ya rubuta minti nawa yake ɗauka kafin ya iso makaranta. Yawanci 15 ne zuwa 30. Matar nan ta rubuta 95, bas biyu take shiga. Da aka tara aka raba, amsar ta haura abin da mafi yawan ajin ke yi. Kafin in ce komai ta kwashe da dariya ta ce, "Ni ce na ɓata muku lissafin!" Direban Uber ya ce to a jera lambobin a ɗauki ta tsakiya mana, ai ita ba ruwanta da 95. Darasin ke nan gaba ɗayansa, kuma a jarrabawar ƙarshe ba wanda ya faɗi wannan tambayar.

Ba kowa ya so sabon tsarin ba. Wani magidanci mai aikin walda ya same ni a ƙofa, ransa a ɓace. Ya ce, "Na biya kuɗina ne kai ka koya mini, ba wannan yarinyar da na haifi kamarta ba." Ban ga laifinsa ba. Mutum ya wuni a tsaye, ya zo yana son ya zauna a zuba masa, sai a ce ya tashi ya ɗebo da kansa. Wani bincike da aka yi a Harvard aka fitar a 2019 ya gano ɗaliban da aka sa aiki a aji sun fi cin jarrabawa, amma a ransu suna jin sun fi koyo a lacca mai daɗi. Wani kuma na 2014, da ya haɗa sakamakon nazari 225 kan kwasa-kwasan kimiyya da lissafi, ya nuna faɗuwa ta kusan kashi 34 cikin 100 a ajin lacca zalla, da kusan kashi 22 a ajin da ɗalibai ke aiki. Kuskurena shi ne ban faɗa musu dalili ba tun farko. Manya ne, ba a juya su sai da hujja. Yanzu ranar farko nake gaya musu: za ku ji kamar ana wahalar da ku, ga kuma abin da ya sa.

Kuma gaskiyar mai walda ba ta tsaya nan ba. Na ga malaman da suka mai da "aikin rukuni" hutun kansu: a raba takarda, malam ya zauna yana danna waya, mutum ɗaya ya yi aikin, uku su sa suna. Gara laccar kirki da wannan. Shirya tambaya guda mai kamo kuskuren da ɗalibi zai yi yana cin lokacina fiye da shirya lacca uku.

Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne na taɓa ganin wannan tsari tun ina yaro. A makarantar allo ba a cewa "kun gane?" Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ka zo gaban malam ka biya da bakinka, in bai zauna ba, ba za ka wanke ba. Na baya kuma yakan koya a wurin na gaba da shi. Bulalar ce kawai ban ɗauko ba.

Akwai inda dabarar aji ba ta kaiwa. A birnin New York, shirin ASAP da aka fara a 2007 yana ba ɗaliban kwalejojin al'umma katin shiga jirgin ƙasa da bas, da littattafai, da mai ba da shawara da ke bibiyar su a kai a kai. Da aka auna, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama cikin shekara 3, sauran kuma kashi 22. Ni ba ni da katin bas da zan raba. Abin da ke hannuna shi ne in haddace sunaye kafin mako na 2, in sassauta ranar kawo aiki in dalili ya kama, in kuma aika saƙo ga duk wanda ya yi fashi sau biyu a jere.

Tsohon sojan nan ya yi fashi sau biyu ana saura mako 4 a gama zango, makinsa kuma ya riga ya fara hawa. Na aika masa saƙo, shiru. Sai bayan kwana 10 ya amsa: an sauya masa aiki zuwa na dare a sito, kuma bai ga fuskar ƙin karɓa ba, haya na jiran sa. Na nuna masa yadda zai janye kwas ɗin kafin wa'adi ya wuce, don kada faɗuwa ta shiga takardarsa. Zangon da ya biyo baya na hango shi a layin sayen kofi da ƙarfe 8 na safe, idonsa jajir, littafin ƙididdiga a hammata. Ya koma ajin safe na wata malama, daga sito yake wucowa kai tsaye.