Hunturu uku da injin kwashe dusar ƙanƙara a Miniyapolis

Hunturu uku na yi ina aiki a ƙarƙashin wani dattijo mai kula da wani gidan haya mai hawa huɗu a birnin Miniyapolis na jihar Minesota a Amurka, kuma aikin da ya fi nauyi a wuyana shi ne share dusar ƙanƙara daga hanyar masu tafiya a ƙasa da kuma filin ajiye motoci. Dokar birnin ba ta da sassauci a kan wannan batu, domin gidan da iyali ɗaya ko biyu ke zaune an ba shi awa 24 bayan dusar ta tsaya, amma manyan gidajen haya da wuraren kasuwanci awa huɗu kacal na rana aka ba su su share gabansu. Saboda haka duk ranar da injinmu ya ƙi tashi, babu abin da ya rage sai shebur da ƙarfin damtse, ga masu haya suna jiran a buɗe musu hanya su tafi wurin aiki.

Injin da muke da shi irin mai mataki biyu ne. A gabansa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kama da wanda ke tura hatsi a cikin injin markaɗe, shi ne yake tattaro dusar zuwa tsakiya, sannan wata fanka mai gudun gaske da ke bayansa ta cilla ta waje ta cikin bututu. Asalin wannan fasaha daga Kanada take, inda Arthur Sicard na yankin Montiriyal ya ƙera babban injin da ake ɗora wa mota a 1925, kafin kamfanoni irin su Toro na nan Minesota da Ariens na jihar Wiskonsin su fito da ƙanana waɗanda mutum ɗaya zai iya turawa. Namu ya haura shekara ashirin a lokacin da na same shi, fentinsa ya koɗe, amma yana tashi a ja na farko ko na biyu, alhali maƙwabta masu sababbin injuna suna ta fama da nasu. Na ɗauki lokaci kafin na gane cewa wannan bambanci daga hannun maigidana yake.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na koye shi ne a watan Fabrairun 2019, watan da aka yi dusar da ta kai inci 39, wato kusan mita guda, wadda ba a taɓa yin irinta a wani Fabrairu a tarihin birnin ba. Murɗaɗɗen ƙarfen nan na gaba ba a manne yake da sandar da ke juya shi ba, wasu ƙusoshi ne guda biyu masu laushi suke riƙe da shi, kuma da gangan aka yi su yadda za su karye da zarar injin ya haɗiyi dutse ko wani abu mai tauri. A wannan wata mun karya su da yawa, musamman a bakin ƙofar shiga, inda motar share titi ta hukuma take tara mana tudun ƙanƙara mai haɗe da gishiri da tsakuwa. Wata safiya ƙusoshin suka ƙare, maigidan kuma ba ya nan, sai na ɗauko wata ƙusa mai noti daga akwatin kayan aiki, wadda girmanta ya yi daidai da ramin, na ɗaura. A raina ina ganin na yi dabara, tunda wannan mai ƙarfi ce, ba za ta riƙa katse mini aiki ba.

Bayan kwana biyu injin ya haɗiyi wata tabarmar goge ƙafa da ta daskare a ƙarƙashin dusa. Na ji ƙara guda ɗaya mai nauyi, hannuna ya girgiza, sannan injin ya ci gaba da ruri amma ƙarfen gaba ya tsaya cik. Da maigidan ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya sa na kwance akwatin giyar da ke tsakiyar ƙarfen, ya lakato giris ɗin ciki da yatsa ya miƙo mini a ƙarƙashin fitila, sai ga ɓarɓashin tagulla yana ƙyalli a cikinsa, haƙoran giyar duk sun zube. Ya ce mini, "Ɗana, waccan ƙusar da ka raina, aikinta ke nan ta karye. Da ka hana ta karyewa, sai ƙarfin ya nemi wani wurin da zai fita, ga shi nan ya fita." Mun fi mako guda muna jiran sabuwar giya, kuma a tsawon wannan lokaci da shebur muka share gidan, shi da shekarunsa, ni da nauyin laifina. Abin da ya fi damuna har yanzu shi ne ƙusar gaskiya kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma shagon da ake sayar da ita bai fi tafiyar minti goma ba.

Daga nan ne ya nuna mini cewa ko da ƙusar ta gaskiya ce, tsatsa na iya mayar da ita banza. Idan aka bar ruwa da gishiri suka shiga tsakanin murɗaɗɗen ƙarfen da sandarsa, tsatsa za ta haɗe su su zama abu guda, ta yadda ko an ci karo da dutse ƙusar ba za ta ji komai ba, giyar ce za ta sake ɗaukar dukan. Don haka duk ƙarshen hunturu muke cire ƙusoshin, mu ɗura giris, mu juya ƙarfen da hannu har sai mun ga yana yawo a sake a kan sandar, sannan mu mayar. Aikin bai fi na rubu'in awa ba, amma na ga injuna da dama da aka kawo wa maigidana waɗanda sai da wuta da guduma aka raba ƙarfen da sandarsa, wasu ma ba su rabu ba har aka haƙura da su.

Batun fetur shi ne ya fi yawan kawo mutane ƙofarmu. Da zarar dusar farko ta sauka a watan Nuwamba, sai maƙwabta su fara turo injunansu suna cewa sun ajiye su lafiya lau a watan Afrilu amma yanzu sun ƙi tashi, kuma kusan kullum matsalar a kafireto take. Minesota na cikin jihohin farko da suka wajabta haɗa fetur da sinadarin etanol, wanda ake samu daga masara, kuma fetur ɗin da aka saba sayarwa yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na wannan sinadari. Etanol yana jawo danshi daga iska, shi kuma fetur idan ya daɗe a ajiye sassansa masu sauƙi sukan tashi, ya bar wani ƙaro mai danƙo da ke toshe ɗan ramin da mai ke bi, ramin da bai fi kaurin allura ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana wanke kafireton janareto a gida ya san wannan aiki, bambancin kawai shi ne janareto kusan kullum yana aiki, man cikinsa ba ya kwana da yawa, shi kuwa wannan injin yakan yi wata bakwai a ɗakin ajiya ba a taɓa shi ba. A ganina mafi yawan injunan da ake cewa hunturu ya kashe su, a cikin waɗannan watanni bakwai suka lalace.

Masu gyara sun rabu biyu a kan maganin wannan. Wasu suna cika tanki fal su zuba maganin hana fetur lalacewa, wasu kuma suna zazzage man gaba ɗaya. Maigidana yana zuba maganin a galan tun ranar da aka sayo man, yana kuma neman fetur marar etanol da wasu gidajen mai ke sayarwa domin ƙananan injuna, sannan a ƙarshen hunturu ya tsiyaye tanki, ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, ya kwance notin da ke ƙasan kafireto ya zubar da ɗan abin da ya rage. Ni ma wannan hanya na fi yarda da ita, domin man da babu shi ba zai toshe komai ba. Wani abin da ya ba ni mamaki da farko shi ne yawancin waɗannan injuna ba su da matatar iska, saboda a hunturun can babu ƙura, kuma da an sa matatar dusa ce za ta jiƙa ta ta daskare. Wannan ne ya sa bai kamata a riƙa tayar da shi a wuri mai ƙura a lokacin zafi ba.

Baƙin mai kuwa 5W-30 muke zubawa, domin mai kauri yakan yi nauyi a cikin sanyi har igiyar tayarwa ta gagari ja. Mukan canza shi sau ɗaya a shekara yayin da injin yake da ɗumi, mu duba fulogi, mu kuma duba awon man kafin kowane aiki.

Akwai kuma ɗabi'ar da ake yi kullum bayan an gama shara, wadda gajiya ke sa mutum ya so tsallake ta. Kafin a kashe injin sai a bar ƙarfen gaba da fanka su yi ta juyawa na ɗan lokaci su watsar da sauran dusar da ke ciki, sannan a goge jikin da tsintsiya. Idan ba a yi haka ba, ɗumin injin zai narkar da abin da ya saura, dare kuma ya daskarar da shi a gindin fankar. A ranar 30 ga Janairun 2019, da sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, wani maƙwabcinmu ya danna hannun injinsa alhali fankar a daskare take, nan take warin ƙonanniyar roba ya cika wurin, bel ɗin ya tsinke. A ƙasan injin ma akwai takalman ƙarfe biyu da yake zamewa a kansu, waɗanda idan suka cinye, jikin injin ne zai fara gogar siminti. Mukan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ƙarfen da ke kankare ƙasa, mu sassauta takalman su sauka su taɓa daɓe, mu ɗaure, ta haka ake samun ɗan tazarar da ake buƙata.

Abu guda da maigidana bai taɓa yin sassauci a kansa ba shi ne sa hannu a cikin bututu. Dusar watan Maris mai ruwa ce, takan toshe bututun akai-akai, kuma zuciya takan raya wa mutum ya zura hannu ya ciro. Ko an kashe injin, fankar da ta maƙale tana iya riƙe da ƙarfin bel ɗin da ya miƙe, da zarar an cire abin da ya tokare ta sai ta zabura, kuma ta haka mutane ke rasa yatsu duk shekara a ƙasashen sanyi. Sandar roba ce muke amfani da ita, bayan an kashe injin an cire makulli an jira komai ya tsaya. Haka nan bai yarda a tayar da injin a cikin gareji a rufe ba ko da na minti ɗaya ne, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari.

A watan Afrilun shekarata ta ƙarshe ya bar ni na yi aikin ajiyar ni kaɗai, yana zaune a kan kujera yana kallo. Na wanke gishirin da ke jikin injin na bar shi ya bushe a rana, na shafa fenti a wuraren da suka kwaile, na buɗe murfin ƙasa na shafa ɗan giris a sandar giya ina kaffa-kaffa kada ya taɓa faifan roba da ke tura tayoyi, domin idan mai ya taɓa shi santsi zai riƙa yi. Na tsiyaye fetur, na canza baƙin mai, na rubuta kwanan wata a takarda na rataya a hannun injin. Daga ƙarshe na zuba ƙusoshi shida na gaskiya a cikin leda na ɗaure su kusa da takardar, sannan muka tura shi lungun gareji muka lulluɓe shi da tamfol.